Anabaena ko Dolichospermum: wane suna za a sa a tebur?

Rabi:
Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwa. Tambayata kan siyanobaktiriya ce, waɗannan da tsofaffin littattafai ke kira shuɗiyar gansakuka. Samfuran ruwa ne daga tabkuna uku na kwarin Gulbi, don memuwar ɗin mastar. Littafin ganewa da ke labo ya kai ni ga Anabaena, Oscillatoria da Cylindrospermopsis. Da na duba AlgaeBase, rumbun sunayen gansakuka na intanet, sai na tarar da Dolichospermum, Planktothrix da Raphidiopsis a gurbinsu. Ga kuma batun oda, wato manyan rukunonin da ke sama da iyali: wani littafi ya ce 4, wani ya ce sassa 5, takardar 2014 ta ce 8. Wanne zan bi?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Rabi. Dokokin suna guda biyu ne ke jayayya a kan waɗannan halittu, daga nan rikicin ya taso. Masana tsirrai suka fara aiki a kansu, domin suna da kulorofil a, suna fitar da oksijin kamar kowane tsiro. Nägeli ya bayyana masu ƙwaya ɗaya a 1849, irin su Chroococcus da Synechococcus. Bornet da Flahault suka tsara masu heterosit, wato ƙwaya ta musamman mai kama azot daga iska, daga 1886 zuwa 1888, Gomont ya tsara masu zare marasa heterosit a 1892. Ki riƙe shekarun nan, domin dokar sunayen tsirrai daga nan take fara ƙirga sunayen rukunonin biyu. Shi ya sa kike ganin "ex Gomont" ko "ex Bornet et Flahault" a bayan suna. Geitler ya tattara komi a 1932, kuma yawancin littattafan ganewa da ke yawo a labo-labonmu daga nasa aka tsamo su.

Daga baya mikroskof na lantarki ya tabbatar da abin da Cohn ya hango tun shekarun 1870: ba su da cibiyar ƙwaya mai rufi, ba su da kulorofilas, wato jakar da tsiro ke ajiye kulorofil a ciki, bangonsu irin na baktiriya ne. A 1978 Stanier da abokan aikinsa suka nemi a mayar da su ƙarƙashin dokar sunayen baktiriya. A 1979 Rippka da su suka fitar da sassa 5, bisa ire-iren da ake raino a Cibiyar Pasteur ta Faris. Sashe na I masu ƙwaya ɗaya da ke rabuwa biyu, kamar Synechococcus da Synechocystis. Na II masu ƙwaya ɗaya su ma, amma uwar ƙwaya takan tsattsage daga ciki ta saki ƙanana da yawa, kamar Pleurocapsa. Na III zare ba heterosit, Oscillatoria da Spirulina. Na IV zare mai heterosit marar reshe na gaske, Anabaena, Nostoc, Calothrix. Na V mai heterosit da reshe na gaske, Fischerella. Littafin Bergey na 2001 wannan tsari ya bi.

Oda 4 ɗin kuwa na Komárek da Anagnostidis ne, daga jerin aikinsu da ya fara a tsakiyar shekarun 1980: Chroococcales, Oscillatoriales, Nostocales, Stigonematales. Duka biyun siffa suka dogara da ita.

Dakta Hadiza:
Malam ya kawo mu bakin ADN, bari in ɗora. Da aka jera 16S, wani yankin ADN da ake kwatanta baktiriya da shi, na ɗaruruwan iri aka zana bishiyar zumunci, rukuni ɗaya tak ya tsaya da ƙafarsa: masu heterosit, shi ma sai an haɗe IV da V. Reshe na gaske ya ɓullo fiye da sau ɗaya a cikinsu, don haka Stigonematales ta rushe, aka zuba ta cikin Nostocales. Sashe na I da na III a warwatse suke ko'ina. Masu ƙwaya ɗaya sun zama zare, wasu masu zare sun koma ƙwaya ɗaya. Chroococcidiopsis, da aka ajiye a sashe na II, ya fi kusa da masu heterosit fiye da yadda yake kusa da Pleurocapsa.

Takardar 2014 ta Komárek da Kaštovský da Mareš da Johansen ce. Odarta 8: Gloeobacterales, Synechococcales, Spirulinales, Chroococcales, Pleurocapsales, Oscillatoriales, Chroococcidiopsidales, Nostocales. Sun haɗa 16S da siffa da yadda tilakoyid, fatun da ke kama haske, ke kwance cikin ƙwaya, ko a jikin bango, ko daga bango zuwa tsakiya, ko a hargitse. Gloeobacter violaceus, da aka bayyana a 1974 daga wani dutse a Suwizalan, ba shi da tilakoyid ko kaɗan, kuma shi ke gindin bishiyar. Amma ƙanwata, 2014 ɗin ma an wuce ta. A 2023 Strunecký da Ivanova da Mareš sun yi aiki da jenom, suka ƙara sabbin oda 10 da iyalai 15, irin su Leptolyngbyales da Nodosilineales da Coleofasciculales, domin Synechococcales da Oscillatoriales na 2014 tarkace ne aka tara a cikinsu.

Ki zaɓi tsari ɗaya, na 2023 in malaminki ya yarda, ki faɗi sunansa da shekararsa a babin hanyar aiki, ki rubuta ranar da kika duba AlgaeBase. Abin da juri ba za su ƙyale ba shi ne jinsi daga 2019, iyali daga 1932, oda daga 1989.

Rabi:
Na gode Dakta. Ke nan duk inda na rubuta Anabaena in goge in sa Dolichospermum?

Dakta Hadiza:
A'a, a nan ake yin ɓarna. Suna yana bin nau'in da aka kafa jinsin a kansa. Na Anabaena shi ne Anabaena oscillarioides, mai zama a ƙasan ruwa ko jikin ciyayi, ba shi da jakunkunan iska. Masu yawo a saman ruwa da jakunkunan iska ne aka cire a 2009, Wacklin da Hoffmann da Komárek suka sa musu Dolichospermum. Wasu kuma sun tafi Sphaerospermopsis, masu akinet (ƙwayar ajiya mai kaurin bango da ke jure wahala) mulmulalle manne da heterosit. Wasu na ƙasa sun tafi Trichormus. Anabaena tana nan, ta dai rame. Sai kin ga jakunkunan iska da idonki kafin ki sauya.

Cylindrospermopsis labarinsa daban. Wołoszyńska ta bayyana shi daga tsibirin Jaba a 1912 da sunan Anabaena raciborskii, aka ba shi jinsinsa a 1972. A 2018 Aguilera da abokan aikinta suka nuna shi da Raphidiopsis reshe ɗaya ne, bambancinsu kawai Raphidiopsis ba ya yin heterosit. Sunan Raphidiopsis tun 1929 yake, shi ne babba, shi aka riƙe.

Malam Sani:
Planktothrix kuwa, don kada a ce komi ADN ne ya gano, a 1988 Anagnostidis da Komárek suka raba shi da Oscillatoria da mikroskof kawai: zare ɗai-ɗai mai yawo, cike da jakunkunan iska, tsawon ƙwaya ya kusa faɗinta. Oscillatoria na gaske, irin su Oscillatoria princeps, ƙwayoyinsa gajeru ne ƙwarai, faɗinsu ya ninka tsawonsu sau da yawa. ADN ya zo daga baya ya sa hannu.

Laminu:
Malamai ku gafarce ni in sa baki ta wajen labo, don yawancin sunayen banza daga kwalba suke farawa.

A tafi da sassafe kafin iska ta motsa ruwan. Masu jakunkunan iska suna taruwa a sama cikin dare, iska ta tura su gefe ɗaya, don haka a ɗebi gefen da iska ke bugawa da kuma tsakiya. Raga mai ido 20 µm tana tara abin dubawa, amma ba a ƙirga daga ita, saboda sirara irin su Pseudanabaena da ƙananan masu ƙwaya ɗaya suna zurarewa. Na ƙirga a ɗebi ruwa tsagwaronsa.

Tun a bakin tabki a raba samfuri uku. Na farko mai rai: kada a cika kwalba, a sa a kula cikin duhu ba tare da ya taɓa ƙanƙara ba, a duba cikin awa 24. Launi, motsi da kube duk a nan ake ganinsu. Na biyu ruwan aidin na Lugol, kimanin ml 1 cikin ml 100, har ruwan ya yi launin shayi, a kwalba mai duhu, in ya koɗe a ƙara. Lugol yana ɓoye launi, yana ɗan tsuke ƙwaya, kuma in ya daɗe curin Microcystis yakan watse. Formol kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ya fi riƙe kube da curi, amma yana lalata ADN. Na uku a tace a filta GF/C, a naɗe a aliminiyom, a sa a firiza. Inda wuta ke ɗaukewa, alkol mai kashi 95 ya fi aminci, don narkewa da sake daskarewa yana kakkarya ADN.

Dabaru biyu masu arha. Ɗigon tawadar Sin a gefen lamel yana fito da yauƙin da ke kewaye da curi, wanda ba a gani a ruwa fari. Jakunkunan iska kuma, a ja samfuri a sirinji, a toshe bakin, a buga sandar tura sirinjin da ƙarfi sau biyu ko uku. In ɗige-ɗigen duhu sun ɓace kuma ƙwayoyin sun nutse, jakunkunan iska ne. In suna nan, wani abu ne da aka ajiye cikin ƙwaya.

Kuma a daidaita ma'aunin ido da lam mai ma'auni a kowane objektif, ×400 da ×1000. A auna ƙwaya 30 aƙalla, daga zare daban-daban.

Rabi:
Yaya Laminu, ai matsalata ke nan. Akwai wani siriri miƙaƙƙe, faɗinsa µm 2 zuwa 3, bakinsa a tsuke, ba heterosit ba akinet. Littafi ya tsaya cak.

Malam Sani:
Ba mamaki. Heterosit ɗakin kama azot ne daga iska, kuma halittar ba ta wahalar gina shi in akwai azot a ruwa. Tabkin da dabbobi ke sha suna kashi a ciki, ko wanda takin gonakin rani ke gangarowa cikinsa, cike yake da amoniyom da nitirat. Zaren da ya kamata ya nuna heterosit sai ya fito sumul, ɗalibi ya kai shi Oscillatoriales, alhali ɗan Nostocales ne.

Magani shi ne raino a ruwan raino BG-11 marar nitirat. BG-11 na yau da kullum yana da g 1.5 na nitirat ɗin sodiyom a lita, wannan ake cirewa. Iri mai sauri kamar PCC 7120 na ma'ajiyar Pasteur cikin kwana ɗaya yake fitar da heterosit, kusan ɗaya bayan kowace ƙwaya 10 zuwa 20. Na daji a ba shi mako. In heterosit mai tsini ya fito a ƙarshen zare, Raphidiopsis raciborskii kike kallo. In ya fito biyu manne a tsakiya sannan zaren ya tsinke tsakaninsu, Anabaenopsis ne. In ya koɗe ya mutu bai yi komi ba, to ko Raphidiopsis marar heterosit ne, ko ki koma wajen su Planktolyngbya, ki nemi siririn kube da ya zarce bakin zare.

Akinet ya fi wuyar kira. Yakan zo in raino ya tsufa ko fosfat ya ƙare. Shi ya sa samfurin wata ɗaya ba ya isa: a ɗebo ƙarshen damina, a ɗebo da ɗari, a ɗebo da bazara lokacin da tabki ya ja baya. Nau'o'in Dolichospermum da siffar akinet da tazararsa da heterosit ake raba su. Ba akinet, ba nau'i.

Laminu:
Ware zare ɗaya: a ja bakin fifet ɗin gilas a wuta ya yi siriri, a tsinci zaren ƙarƙashin mikroskof, a wanke shi cikin ɗigo 5 ko 6 na ruwan raino mai tsabta, sannan tub. Masu rarrafe a sa su a agar kashi 1 cikin 100, a haska gefe ɗaya, a yanko bakin da ya yi gaba. Sikloheksimid mg 50 zuwa 100 a lita yana hana koriyar gansakuka da fumfuna, amma guba ne, sai da safar hannu. Haske kaɗan, zafi 25 zuwa 28. Taga a watan Afrilu a Maradi kisa ce, kwana biyu raino ya yi fari.

Malam Sani:
Yanzu bari in faɗi abin da ke damuna, Dakta ta ji. Nostoc kaɗai an fitar da Mojavia a 2007, Desmonostoc a 2013, Aliinostoc a 2017, ga wasu bayansu. Da yawa cikin sabbin jinsunan nan, ko wanda ya sa musu suna ba zai raba su a mikroskof ba. Wasu a kan iri ɗaya tak aka kafa su. Ɗalibin da ke Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da mikroskof da littafi, me zai yi da jinsin da sai an aika samfuri waje kafin a san shi? Rarrabewa an yi ta ne don mutane su yi aiki da ita.

Dakta Hadiza:
Ranka ya daɗe, kan jinsin iri ɗaya ina bayanka, ana gaggawa. Amma tsohon sunan ma ba sauƙi yake kawowa ba, rufa-rufa yake yi. Duk siririn zare da aka gani a duniya an ce Leptolyngbya ko Phormidium, na hamada da na teku da na maɓuɓɓugar ruwan zafi, sai a rubuta cewa nau'in yana ko'ina a duniya. Ba ya ko'ina, idonmu ne bai raba su ba. Synechococcus ma haka, sanda ce ƙarama ba ta da wata alama, aka tara zuriyoyi da ba su haɗa komi ba ƙarƙashin suna ɗaya.

Kuma hanyar haɗewa ƙwarai an gwada ta. Drouet ya matse dubban nau'o'i zuwa ƙasa da 100, bisa cewa muhalli ne ke sauya siffa. Sauƙin ya yi sauƙi, amma ba wanda ke bin tsarinsa yau, don ya haɗa abubuwan da rayuwarsu ta bambanta.

ADN ma ba tsagawa kawai yake yi ba. Microcystis aeruginosa, wesenbergii, viridis, ichthyoblabe, novacekii: a mikroskof curinsu daban-daban, amma 16S ɗinsu ya yi daidai fiye da kashi 99 cikin 100, har Otsuka da abokan aikinsa suka nemi a haɗe su a 2001. Da an yi rainonsu curin yakan watse, su zama ƙwayoyi ɗai-ɗai da ba a rabawa.

Malam Sani:
Duk da haka masu aikin ruwa ba su daina rubuta wesenbergii ba, kuma suna da hujja: gefen yauƙinsa mai sheƙi ba ya ɓuya, kuma galibi ba shi ne mai guba ba. Siffar tana ɗauke da labari ko da 16S bai gan shi ba.

Dakta Hadiza:
A rubuta, amma a ce nau'in siffa ne. Ga masu niyyar aika samfuri, ga ma'aunan da ake aiki da su. Guntun da firama CYA359F da CYA781R ke bayarwa bai wuce harafi 400 da ɗoriya ba, jinsi kawai zai nuna, wani lokaci ma da ƙyar. A nemi 16S kusan cikakke, wajen harafi 1,500, haɗe da ITS da ke tsakanin 16S da 23S. Kamanni ƙasa da kashi 98.7 yana nuna nau'i daban, ƙasa da 94.5 zuwa 95 jinsi daban. Sama da 98.7 ba ya tabbatar da nau'i ɗaya, sai a duba ITS, a naɗe sassan D1-D1' da Box B a kwatanta. In akwai jenom, ANI, wato kamannin jenom gaba ɗaya, kashi 95 zuwa 96 ne iyakar nau'i.

Kada a kwafi sunan farko da BLAST, manhajar kwatanta jerin ADN, ya kawo. GenBank, rumbun jerin ADN, ba ya tantance sunan da mai aikowa ya sa. PCC 7120 kansa a takardu da yawa Anabaena ne, a wasu Nostoc. A zana bishiya, a sa nau'in da aka kafa jinsin a kansa, a ga inda samfurin ya faɗa.

Habu:
Salamu alaikum. Ni aikin dabbobi nake, wajen Dakoro. Ku faɗa mini a taƙaice: wane suna ne in na ji shi zan ce wa makiyayi ya janye garkensa?

Dakta Hadiza:
Malam Habu, suna yana ba da zargi, ba ya yanke hukunci. Cikin Microcystis aeruginosa guda akwai iri mai ƙwayoyin gado na mcy da ke ƙera gubar mikrosistin, akwai marar shi, a tabki ɗaya, kuma mikroskof ba ya raba su. Raphidiopsis raciborskii na Ostiraliya silindirospermopsin yake yi, na Barazil saksitoksin, wasu wurare ba a same shi da ko ɗaya ba. Waɗanda ake sa wa ido: Microcystis, Dolichospermum, Planktothrix, Raphidiopsis, Aphanizomenon, Nodularia, Anabaenopsis. Tabbaci sai PCR na mcyE, ko gwajin ELISA, akwai na tsinke da ake tsomawa a bakin ruwa. Ma'aunin OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, na ruwan sha na kullum µg 1 na mikrosistin a lita, na silindirospermopsin 0.7.

Malam Sani:
Kada ka jira suna, Habu. Tun 1878 Francis ya ba da rahoton mutuwar dabbobi a tabkin Alexandrina na Ostiraliya, Nodularia ce. Ka tsoma kara: in ya fito da dogon gashi kore mai santsi, koriyar gansakuka ce irin Spirogyra, ba ita ake tsoro ba. In ya fito a shafe kamar an tsoma shi a fenti, ka yi hattara. Ka cika kwalba kashi uku cikin huɗu, ka ajiye a sanyi ta kwana: siyanobaktiriya masu jakunkunan iska su taso sama, koriyar gansakuka ta kwanta ƙasa. Euglena takan yi wannan shafi a tabkin da kashin dabbobi ya yi yawa, kore ko ja, amma a mikroskof tana da jan ɗigo tana iyo tana lanƙwasa. Lugol kuma yana baƙanta sitacin koriyar gansakuka, ba ya baƙanta siyanobaktiriya, don su gilikojen suke ajiyewa.

In dabba ta faɗi cikin mintoci tana karkarwa numfashi na sarƙewa, zargin gubar jijiya ne. In ta kwana, aka fede aka ga hanta ta kumbura cike da jini, mikrosistin. A ɗebi abin cikin tumbi da yankin hanta a daskarar, tare da ruwan. Tafasa ba ta kashe mikrosistin. Kada kuma a zuba silfat ɗin tagulla a ce za a kashe gansakukar, ƙwayoyin ne za su fashe gubar ta fito gaba ɗaya. Haka ya faru a tsibirin Palm na Ostiraliya a 1979, mutum fiye da 100 suka kwanta, yawancinsu yara.

Hajiya Ramatu:
To ni malamai, sifirulina fa? A leda muna rubuta Spirulina platensis. Yanzu an ce Arthrospira, wani ya ce shi ma an sauya.

Malam Sani:
Hajiya, abin da kuke nomawa bai taɓa zama Spirulina na gaske ba. Gomont ya raba su tun 1892, Geitler ya haɗe su a 1932, sunan kasuwa ya maƙale daga nan. Spirulina na gaske siriri ne, yawanci µm 1 zuwa 3, murɗinsa a matse, bangon tsakanin ƙwayoyi ba ya fitowa a mikroskof na haske, ba jakunkunan iska, yana juyawa da sauri. Naku faɗinsa wajen µm 6 zuwa 12, bangon a fili, cike da jakunkunan iska, shi ya sa yake tasowa ku kwashe. A tsarin 2014 ko oda ba su haɗa ba.

Dakta Hadiza:
A 2019 Nowicka-Krawczyk da Mühlsteinová da Hauer suka jera Arthrospira jenneri, wanda aka kafa jinsin a kansa, suka ga na ruwan daɗi ne kuma yana nesa da na noma. Na noman aka sa masa Limnospira: fusiformis, maxima, indica. Su ma sun yi kusa da juna ƙwarai, har wasu masana na ganin nau'i ɗaya ne. Shi ne dihe da matan Kanembu ke kwashewa a tabkunan kanwa na Kanem su shanya a rairayi, wanda Léonard ya gani a kasuwar Fort-Lamy, Njamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960. A leda ki bar sunan kasuwa, a takardar gwaji a sa Limnospira.

Abin da ya fi suna a wajenki: Limnospira yakan miƙe a basin, ya daina murɗewa, kuma da wuya ya koma. Miƙaƙƙen yana kama da baƙon zare irin Phormidium. A auna faɗi, a nemi jakunkunan iska. In faɗin ɗaya ne da murɗaɗɗen kuma jakunkunan suna nan, naki ne. In siriri ne yana manne da bangon basin yana yin shimfiɗa, baƙo ne. Ruwan Zarrouk, da ake noman sifirulina a ciki, yana da g 16.8 na bikarbonat a lita, pH sama da 9.5 yana korar yawancin baƙi. In aka tsinke shi da ruwan rijiya don tsimi, ko ruwan sama ya shiga, ƙofa ta buɗe.

Mamman:
Kun tsaya a ruwa. Baƙin ɓawon da ke saman ƙasa a saura da fako shi ma su ne. Aikin Malam Issa da abokansa a Banizumbu, gabas da Yamai, da ya fito a 1999, a kansa yake. A yanko ɓawon, a sa a faranti Petri, a jiƙa da ruwa mai tsabta, a bari a haske kaɗan. Cikin awoyi zaren zai fito sama ya yi kore. Zare da yawa cikin kube ɗaya, a duba Microcoleus da Schizothrix. Kube ja mai hawa-hawa, Porphyrosiphon. Kube rawaya zuwa ruwan ƙasa mai heterosit, Scytonema ko Tolypothrix.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne reshe. A Scytonema zaren ne ke tsinkewa cikin kube, bakuna biyu su huda su fito tare. A Tolypothrix baki ɗaya ke fita, yawanci ƙarƙashin heterosit. Duka reshen ƙarya ne. Na gaske sai ƙwaya ta sauya hanyar rabuwarta, kamar a Stigonema da Hapalosiphon. Microcoleus ma an taɓa shi: chthonoplastes na ƙasar gishiri ya koma Coleofasciculus a 2008, Phormidium autumnale kuma ya shigo Microcoleus a 2013.

Ali:
Dakta, a sakamakon metabarkodin (jera ADN na duk halittun da ke cikin samfuri) na ƙasar gona rabin abin da aka sa wa Cyanobacteria "Chloroplast" ne, akwai kuma Vampirivibrionia.

Dakta Hadiza:
Kulorofilas daga siyanobaktiriya ya samo asali, 16S ɗinsa yana faɗawa cikinsu. Saiwa ce da gansakuka, ka tace su kafin lissafi. Na biyun su ne Melainabacteria da aka bayyana a 2013, ƴan'uwa na kusa amma ba sa haɗa abinci da haske, wasu a hanjin mutum suke. Rumbunan bayanai na GTDB da SILVA suna sa su a filum ɗaya. In masu fitar da oksijin kake nema, ka tsaya a ajin Cyanophyceae, wanda waɗancan rumbunan ke rubutawa Cyanobacteriia ko Oxyphotobacteria gwargwadon siga.

Rabi:
To a tebur, yaya zan rubuta wanda na kusa tabbata amma ban ga akinet ba? Kuma in siririn nan bai dace da kowa ba, zan iya cewa sabon nau'i ne?

Malam Sani:
Dolichospermum sp. 1 in jinsi kawai kika sani. Dolichospermum cf. circinale in ya yi kama amma wata alama ta rage. Shafi ɗaya na sunan yanzu da mawallafansa, ɗaya na tsohon sunan da ke littafin da kika yi aiki da shi, ɗaya na awo, mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma, ɗaya na lambar hoto. Kowane hoto da sandar ma'auni a jikinsa. In gobe an sake sauya suna, mai karatu zai bi awo da hoto ya gane abin da kika gani.

Sabon nau'i kuwa ba a memuwar ake kafa shi ba. Dokar tsirrai tana son bayani da Latin ko Ingilishi, tun 2012 aka yarda da Ingilishi, da hoto ko zane, da samfurin asali a ajiye a wata ma'ajiya da aka ambata, busasshe ko cikin magani ko raino da aka daskarar.

Dakta Hadiza:
Dokar baktiriya ta fi tsanani, raino mai rai tsantsa a ma'ajiyoyi biyu a ƙasashe biyu, kuma raba siyanobaktiriya da baktiriyar da ke zaune cikin yauƙinta aiki ne na watanni. Shi ya sa kusan kowa ke bin ta tsirrai. Tun 2021 dokar baktiriya ta yarda da sunayen da aka kafa ta can, a 2022 kuma aka tabbatar da sunan filum, Cyanobacteriota. In za a fitar da iri waje, a nemi takardun yarjejeniyar Nagoya, ta musayar albarkatun halittu tsakanin ƙasashe, tun kafin a aika, ma'ajiyoyi da yawa ba sa karɓa sai da su. Siririn naki ki bar shi a BG-11 marar nitirat mako ɗaya, ki turo hoto a ×1000, bakin zaren ya fito sosai.

Laminu:
Lakabin kwalabe da fensir a takarda, a rufe da salatif. Alkol yana wanke marka, Lugol yana cinye biro. A sa wuri, rana, awa, pH da zafin ruwa a jikin kowace.